Kafin Ka Sayi Hular Kwano, Tambayi Jarrabawar da Ta Ci

A kasuwanninmu, idan ana yabon kaya, ƙarko ake fara ambata. Tukunyar da ta ga biki uku ba ta fashe ba, takalmin da ya sha damina biyar bai yage ba, keken ɗinkin da uba ya bar wa ɗa yana aiki, su ne abin alfahari. Shi ya sa mai saye yakan ƙwanƙwasa abu da yatsa, ya saurari ƙararsa, ya matsa shi da hannu, in ya ji tauri sai hankalinsa ya kwanta. Wannan ma'auni yana da amfani a kan kayan gida da yawa, amma akwai kaya guda da yake ɓatar da mai saye a kansa, wato hular kwano ta masu hawa babur.

Hular kwano ta ƙwarai an ƙera ta ne domin ta lalace. Ranar da kanka ya bugi kwalta, aikinta shi ne ta lotse daga ciki, ta shanye bugun, ta ƙare, kai kuma ka tashi. Hular da ta fito daga haɗari garau, alhali mai ita yana kwance a asibiti bai san wanda ke kansa ba, ta ci amanarsa komai kyanta. Saboda haka, mai karatu, ga abin da nake so in shawo kanka a kai: ka ɗauki hular kwano kamar yadda kake ɗaukar magani. Kafin ka ba ɗanka magani kana duba lambar NAFDAC, kana duba adadin da ya dace da shekarunsa, kana duba ranar ƙarewar wa'adi. Hular kwano ma tana da shaidar gwaji, tana da girman da ya dace da kowane kai, tana kuma da ranar da ake daina amfani da ita. Ido ba ya ganin ingancinta, kamar yadda ba ya ganin ingancin ƙwayar magani. Jarrabawar da ta ci ce kaɗai ke ba da shaida.

Abin da ke faruwa a cikin kai

Ƙwaƙwalwa aba ce mai laushi ƙwarai, tana zaune cikin ɗan ruwa a cikin ƙoƙon kai. Idan kai ya bugi ƙasa, ƙashi yana tsayawa nan take, ita kuwa tana ci gaba da tafiya har ta bugi bangon ƙashin daga ciki, wani lokaci ta koma ta bugi ɗaya ɓangaren. Daga nan ake samun kumburi da tsinkewar jijiyoyin jini. Da yake ƙoƙon kai rufaffe ne, jinin da ya zuba ba shi da wurin zuwa, sai ya taru ya danne ƙwaƙwalwar.

Akwai illa ta biyu wadda ba a cika sani ba. Kan wanda ya faɗo daga babur yakan zo a karkace, kwalta ta kama gefensa, ta murɗa shi farat ɗaya. Tun a 1943 wani masanin kimiyya na Jami'ar Oxford mai suna Holbourn ya nuna cewa wannan murɗawa tana yi wa ƙwaƙwalwa lahani babba, domin tana tsinka siraran zaruruwan da ke kai saƙo tsakanin sassanta. Ta haka mutum ke shiga doguwar suma ba tare da ƙashin kansa ya tsage ba.

Hular kwano tana shiga tsakani da sassa huɗu. Ɓawon waje mai tauri yana rarraba bugun, yana hana abu mai tsini shiga, yana kuma sulɓewa a kan kwalta. A ƙarƙashinsa akwai farin soso mai ɗan tauri, ɗan'uwan wanda ake kunshe sabon talabijin da shi a cikin kwali. Sai kyallen ciki mai laushi, wanda aikinsa jin daɗi ne da shan gumi. Na huɗu ita ce igiyar haɓa.

Farin soson nan shi ne ran hular. Idan bugu ya zo, yana murƙushewa a hankali, ya tsawaita lokacin da kai ke ɗauka kafin ya tsaya. Kowa ya san bambancin faɗowa a kan daɓen siminti da faɗowa a kan tarin ƙaiƙayi: tsayin ɗaya ne, amma ƙaiƙayi yana ba jiki sarari ya tsaya sannu. Soson yana yi wa ƙwaƙwalwa irin wannan hidima a cikin ƙasa da ƙiftawar ido. Hular da ba ta da shi, ko nata siriri ne kamar fatar albasa, kwano ce kawai aka kifa a kai.

Daga gadon asibiti zuwa ɗakin gwaji

Likitoci ne suka fara wannan fafutuka. A watan Mayun 1935, T. E. Lawrence, sojan Ingila da ya yi suna a yaƙin ƙasashen Larabawa, ya faɗi da babur kusa da gidansa, kansa ba hula. Ya kwana shida a sume, sannan ya rasu. Cikin waɗanda suka duba shi akwai Hugh Cairns, likitan tiyatar ƙwaƙwalwa. Da yaƙin duniya na biyu ya ɓarke, Cairns ya lura da yadda raunin kai ke kashe sojoji masu kai saƙo a kan babur, ya tattara alƙaluma ya wallafa su a 1941, kuma a shekarar rundunar sojan Ingila ta wajabta wa mahayanta sa hula. Sai a 1973 dokar ta hau kan kowa a ƙasar.

Darasi na biyu ya zo daga Amurka. A 1956 wani mai tseren mota da ake kira Pete Snell ya mutu a haɗari alhali yana sanye da hula, irin wadda ake yayi a lokacin. Abokansa suka kafa gidauniyar Snell a 1957 domin gwada huluna, saboda sun gane cewa ganin hula a kai bai isa ya tabbatar da kariya ba.

Yau hujjar ta yi nauyi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a rahotonta na 2023 cewa haɗarin hanya yana kashe kimanin mutum miliyan 1.19 a shekara. Wani babban nazari na ƙungiyar Cochrane da aka wallafa a 2008, wanda ya haɗa bincike da dama wuri guda, ya samu cewa hular kwano tana rage barazanar mutuwa da kusan kashi 42 cikin 100, tana rage raunin kai da kusan kashi 69. Magunguna kaɗan ne ke iya yin irin wannan alƙawari.

Yadda ake jarraba hula

Ƙa'idar da ta fi yaɗuwa a duniya ita ce ta Majalisar Ɗinkin Duniya mai lamba 22, wadda ake rubutawa ECE 22.05, sabuwarta kuma ECE 22.06. Ya kamata ka san abin da hula ke sha kafin ta sami wannan shaida.

Ana sanya ta a kan wani kan ƙarfe mai siffar na mutum, wanda aka dasa wa na'urar auna ƙarfin bugu a tsakiya. Sai a sake ta daga tsayin da ya kusa mita uku, ta faɗo da gudun mita 7.5 a daƙiƙa, wato kilomita 27 a sa'a, a kan uwar maƙera. Maƙerun iri biyu ne: ɗaya shimfiɗaɗɗiya kamar kwalta, ɗaya mai kaifin baki kamar gefen titi. Ana buga goshi, da gefen kai, da tsakiya, da ƙeya, ana kuma buga haɓa. Idan ƙarfin da ya isa ga kan ƙarfen ya wuce ninki 275 na nauyinsa, hular ta faɗi. Ka lura da girman wannan adadi: kan babban mutum yana kai kilo huɗu zuwa biyar, saboda haka ko hular da ta tsallake da ƙyar tana barin abin da ya wuce nauyin tan ɗaya ya ratsa kai na ɗan taƙaitaccen lokaci. Sai ka auna abin da ke samun kan da ba shi da komai.

Ba a gwada ta cikin ni'ima kaɗai. Ana ajiye wasu a zafin digiri 50 na sa'o'i, wasu a sanyin ƙanƙara, wasu a haska su da haske irin na rana sannan a feshe su da ruwa, kafin a buga su. Wannan ya shafe mu kai tsaye, domin a Sakkwato da Maiduguri da Yamai zafin bazara yana haura digiri 40 a inuwa.

Igiyar haɓa tana da tata jarrabawa. Ana rataya mata nauyi, a saki ƙarfe mai kilo 10 ya fizge ta, a auna yadda ta miƙe. Idan ta tsinke, ko maƙullinta ya buɗe, ko ta miƙe fiye da milimita 35, an gama da ita. Ana kuma saƙala ƙugiya a bayan hular a fizge ta gaba, a ga ko za ta tuɓe. Idan ta juya fiye da digiri 30, ba ta ci ba.

Sabuwar ƙa'idar 22.06 ta ƙara tsanani. Ta ƙara wuraren bugu, ta ƙara bugu mai sauƙi na mita 6 a daƙiƙa da mai tsanani na mita 8.2, domin hular da ta cika tauri tana iya cutarwa a ƙaramar faɗuwa. Ta kuma kawo gwajin da Holbourn ya yi nuni da shi shekaru kusan tamanin da suka wuce: ana sakin hular a kan maƙera mai gangare da aka lulluɓe da takarda mai kaushi, a auna yadda kai ke murɗewa. Gilashin fuska ma ana harbinsa da ɗan ƙwallon ƙarfe mai gudun mita 60 a daƙiƙa, a ga ko zai tarwatse a idon mai shi.

Wani zai ce: me gwajin kilomita 27 zai amfane ni, ni da ke gudun 70? Amsar ita ce, ƙarfin da kai ke bugun kwalta da shi ya fi dogara da tsayin da ya faɗo daga gare shi. Kan mahayi yana kusan mita ɗaya da rabi daga ƙasa, kuma faɗowa daga nan tana kai gudun kusan kilomita 20 a sa'a, ko da babur a tsaye yake. Gudun gaba yana komawa jan jiki da murɗawa. Amma idan kai ya haɗu da tirela ko turken lantarki, lissafi ya sauya, domin ninka gudu sau biyu yana ninka ƙarfin karo sau huɗu. Babu hular da ke lamunce wa mai tukin ganganci.

Karanta tambari da idon basira

Shaidar ECE ana ɗinka ta ne a jikin igiyar haɓa. Za ka ga da'ira da harafin E da lambar ƙasar da ta ba da izini: E1 Jamus, E2 Faransa, E3 Italiya, E11 Birtaniya. Kusa da ita akwai doguwar lamba da ke farawa da 05 ko 06. Harafin P yana nufin an gwada makarin haɓa ya ci, NP yana nufin akwai makarin amma ba ya kariya, J kuma hula ce mai buɗaɗɗiyar fuska. Haɓa da muƙamuƙi suna cikin wuraren da suka fi shan bugu a haɗarin babur, don haka mai rufe fuska gaba ɗaya ta fi.

Tambarin DOT na Amurka ne, kuma akwai abin lura a kansa. A can kamfani ne da kansa ke shaida cewa hularsa ta cika ƙa'ida, hukuma kuma ta riƙa sayen wasu daga kasuwa tana gwadawa daga baya. Indiya, inda babura da yawa na titunanmu suka fito, tana da tambarin ISI. A Birtaniya gwamnati ta kafa shirin SHARP a 2007, wanda ke sayen huluna a shaguna ya gwada, ya ba su tauraro ɗaya zuwa biyar, kuma sakamakon yana intanet kyauta. Abin da shirin ya nuna yana da daɗin ji ga talaka: akwai huluna masu sauƙin kuɗi da suka doke masu tsada.

Sai dai buga sitika ba shi da wuya, kuma masu jabu sun iya. Saboda haka ka haɗa da naka bincike. Ɗaga kyallen ciki ka ga farin soson da idonka. Hukumar kiyaye haɗurra ta Amurka ta ce kaurinsa ya kamata ya kai kusan santimita biyu da rabi. Ɗauki hular a hannu: ta gaskiya mai rufe fuska takan wuce kilo ɗaya, wadda ba ta kai rabin kilo ba abar tuhuma ce. Duba yadda aka kafe igiyar, da ƙusar ƙarfe ko da ɗan roba. Nemi sunan kamfani, da girma, da watan da aka ƙera ta a ciki. Idan ka matsa gefunanta biyu da hannu suka lanƙwashe kamar robar wanka, ajiye ta.

Darasin 2009

Ranar 1 ga Janairun 2009 Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wato FRSC, ta fara tilasta sa hular kwano a Najeriya. Waɗanda suka ga lokacin suna tuna abin da ya biyo baya: farashin hula ya tashi, 'yan acaɓa a Kano da wasu garuruwa suka kifa ƙwarya da bokitin fenti da hular magina, aka yi ta raha. Abin dariya ne, amma yana nuna cewa mutane sun ɗauki dokar a matsayin harka tsakaninsu da jami'in hanya. Ƙwarya ta ɓace daga tituna, tunanin da ya haife ta yana nan. Hular roba marar soso da ake rataye wa a madubi, a kifa ta idan an hango shingen bincike, ƙwarya ce da aka yi wa fenti. Hular magina ma ba ta wadatar ba, domin an yi ta ne saboda abin da ke faɗowa daga sama, kuma takan tashi daga kai kafin mutum ya kai ƙasa. Illar jabu ta wuce rashin kariya: tana sa mai ita ya saki jiki, matarsa da mahaifiyarsa su kwana da zaton an tsare shi.

Girma, ɗauri da wa'adi

Hular da ta ci kowace jarrabawa ba ta da amfani idan ta bar kai kafin bugu. Ari awon tela ka auna kewayen kanka daga saman gira. Yawanci santimita 57 zuwa 58 shi ne matsakaici. Hula ta kama kumatu da goshi ba tare da ciwo ba, kuma idan ka girgiza kai ta bi shi. Ɗaure igiyar ta yadda yatsa biyu kaɗai za su shiga tsakaninta da haɓa, sannan ka sa wani ya kama bayanta ya yi ƙoƙarin tuɓe ta ta gaba. Idan ta fita a tsakar gida, za ta fita a titi. Kada a kifa ta a kan hular zanna ko rawani ko babban ɗaurin ɗankwali. Uwargida, siririn hijabi ba ya hana ta zama daidai, amma ki cire ribbon mai ƙarfe da allurar ɗauri. Yaro kuma yana bukatar tasa, domin ta babba tana yawo a kansa.

Game da wa'adi, farin soson da ya murƙushe ba ya komawa yadda yake. Hular da ta taɓa shan bugu da kai a cikinta ta gama aiki, ko da ɓawonta yana sheƙi. Wannan ne ya sa sayen hular gwanjo caca ce: ba ka san ƙasar da ta daka ba. Ko ba a yi haɗari ba, kamfanoni da yawa da gidauniyar Snell suna ba da shawarar sauya hula bayan kimanin shekara biyar ana amfani da ita, domin gumi da man gashi da rana suna cin kayanta, kyallen ciki ya saki, igiya ta zaizaye. Fetur yana narkar da soson, saboda haka kada a ajiye ta a kan tanki ko kusa da jarka. Kada a rataye ta a kan madubi, domin bakinsa yana lotsa soson daga ciki. Kada a yi mata fenti ko a huda ta. A wanke ta da ruwa da sabulu mai sauƙi, a shanya a inuwa.

Uzurorin da ake kawowa

Zafi gaskiya ne, kuma wanda bai taɓa tsayawa a cunkoso da tsakar ranar Afrilu ba bai kamata ya raina shi ba. Maganinsa shi ne hula mai farin launi, mai kofofin iska, mai kyallen ciki da ake cirewa a wanke. Ƙyamar sa hular da wani ya cire ma tana da dalili. Siririyar hular yadi a ƙarƙashi tana rage ta, wanda kuma yake hawa kullum ya mallaki tasa.

Masu cewa nan kusa zan je su tuna da lissafin da ya gabata: tsayin faɗuwa ɗaya ne a ƙofar gida da kan hanyar Zariya. Masu tsoron cewa nauyin hula yana karya wuya, wani bincike da aka wallafa a Amurka a 2011 a kan majinyata fiye da 40,000 ya samu akasin haka, masu hula sun fi ƙarancin rauni a ƙashin wuya. Masu cewa tsautsayi ba ya wuce ranarsa, malamanmu sun daɗe da koyar da cewa tawakkali yana tafiya tare da riƙo da sababi. Wanda ke kulle babur ɗinsa da kwaɗo biyu saboda ɓarawo ya riga ya yarda da haka.

Tsada ita ce uzurin da ya fi ƙarfi. Amma a ɗora kuɗin hula a kan sikeli tare da kuɗin hoton ƙwaƙwalwa na na'urar CT, da motar da za ta kai majinyaci asibitin koyarwa a Kano ko Sakkwato ko Zariya inda likitocin tiyatar ƙwaƙwalwa suke, da watannin da gida zai yi ba mai nema. Wanda ya tsira da raunin ƙwaƙwalwa yakan dawo gida da farfaɗiya, ko mantuwa, ko saurin fushi, ko shanyewar ɓarin jiki, iyali su ci gaba da biyan bashin shekara da shekaru.

Idan haɗari ya auku

Kada a yi gaggawar cire wa wanda ya faɗi hula, domin mai yiwuwa ƙashin wuyansa ya samu matsala. A buɗe gilashin, a riƙe kansa kada ya motsa, a kira agaji ta 112 ko 122 na FRSC. Ana cire ta ne kawai idan ba ya numfashi ko amai ya shaƙe shi, kuma mutum biyu ke yi, ɗaya yana tallafe da wuya. Kada a ɗura masa ruwa, kada a zaunar da shi a kan wani babur. A tafi da hular asibiti, domin tabon da ke jikinta yana nuna wa likita inda bugun ya sauka.

Abin da ya fi yaudarar iyalai shi ne wanda ya suma, ya farfaɗo, ya yi magana daidai, ya ce a kai shi gida. Akwai jijiyar jini a ƙarƙashin siririn ƙashin gefen kai wadda idan ta tsinke, jini yakan taru a hankali, mutum ya yi sa'o'i kamar lafiya lau, sannan ya faɗi. Duk wanda ya suma, ko na ɗan lokaci ne, likita ya gan shi. A kwanaki biyun farko kada a bar shi shi kaɗai. A koma asibiti nan take idan aka ga amai fiye da sau ɗaya, ciwon kai mai ƙaruwa, barcin da ke da wuyar tashi, ruɗewa, jijjiga, raunin hannu ko ƙafa, bambancin girman ƙwayar ido, ko ruwa ko jini daga hanci ko kunne. Don ciwon kai farasitamol ya isa. A guji asfirin da tiramadol da maganin barci sai da izinin likita. Tsofaffi da masu shan maganin tsinka jini suna iya nuna alama bayan makonni, don haka a faɗa wa likita labarin faɗuwar ko da ta kwana biyu.

Inda nauyi ya rataya

Ba daidai ba ne a bar wa mai babur shi kaɗai aikin tantance jabu da ta gaske a bakin kasuwa. Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki, wato SON, tana da tsarin tantance kayan da ake shigowa da su, kuma a tashar jiragen ruwa da kan iyaka ya fi sauƙin tare hular banza fiye da bin ta shago shago. Jami'in hanya ya riƙa duba igiya da soso, ba siffa kaɗai ba. Dilolin babura su haɗa kowane sabon babur da hula biyu masu shaida, ƙungiyoyin mahaya kuma su yi sari a dunƙule domin farashi ya sauko.

Kafin hukuma ta motsa, gida yana da iko. Uban da zai saya wa ɗansa babur ya sa kuɗin hula cikin lissafi tun farko, makulli kuma kada ya bar hannunsa sai ya ga an ɗaure igiya. Yau da daddare, idan mai babur ɗin gidanku ya dawo, ku karɓi hularsa, ku ɗaga kyallen ciki, ku nemi farin soson, ku karanta abin da ke jikin igiyar, ku tambaye shi ko ta taɓa shan ƙasa. Idan amsar ba ta gamsar ba, sabuwar hula ta shiga gaban sauran sayayyar wannan wata. Allah Ya kiyaye hanya.